Harajin Hannun Inna

Baba Fenti mutum ne da bai iya zama ba. Ko shayi aka miƙa masa a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya kan dakali, ido kan bangon wani. Aikinsa rubutu da zane a jikin shaguna, kuma duk layin kasuwa, daga kwanar banki har bakin tasha, da wuya ka sami allo ko bangon da hannunsa bai taɓa ba. Kifin da ke saman ƙofar mai kifi shi ya zana. Takalmin da ke bangon mai gyaran takalmi nasa ne. Kan mutumin nan mai gyararren saje da ke jikin shagon mai aski ma nasa ne, ko da yake mai askin, wanda abokinsa ne tun suna samari, bai taɓa fasa cewa kan ya fi kama da kabewa ba.

Bai yi nisa a makaranta ba. Haruffa a wurin wani tsohon mai fenti ya koye su, kuma har ya tsufa in za a ba shi aiki sai ya ce a rubuta masa a takarda. Ya kafe takardar da ƙusa, ya shafa wa zare alli ya ja layi, sannan ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallake kwata. Amma zane kam ba wanda ya koya masa. In ya kalli abu ya kau da kai, abin ya zauna a idonsa ke nan. Matarsa takan ce da a ce yana riƙe saƙon cefane yadda yake riƙe siffar abu, da ba ta taɓa yin faɗa da shi ba.

Cikin duk ayyukansa akwai guda ɗaya da ba ya wucewa bai rage tafiya ba. Bangon shagon ƙanwarsa ne, autar gidansu, wadda take ɗinki a tsakiyar layin. Ta buɗe shagon ne a shekarar da mahaifiyarsu ta rasu, da keken ɗinkin da ta bari. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko sau ɗaya. Da Auta ta ce ya yi mata zanen da zai nuna wa mutane ana ɗinki a nan, sai ya cika bangon gaba ɗaya: riga a rataye, almakashi, keke irin na da wanda ake juyawa da hannu, da hannuwa biyu suna aiki a kansa. Fuska bai sa ba, don ya san ba zai same ta daidai ba. Hannuwan ne ya sani. Na dama yana kan mariƙin keken, ƙaramin yatsansa a karkace tun ranar da ƙofa ta datse shi. Na hagu yana shimfiɗe kan yadi, da tabon dutsen guga a bayan babban yatsa. Ranar da ya gama, Auta ta fito ta duba, ta koma ciki, aka daɗe ba a ji ƙarar keke ba.

Wannan ya yi shi ne lokacin da hannunsa yake nasa. Yanzu in ya ɗaga ƙaramin burushi bakin burushin rawa yake yi, sai manyan haruffa kawai yake karɓa, su ma yana dafe da gwiwar hannu a jikin tsani. Bai gaya wa kowa ba, amma ya sani ko bango goma aka ba shi ba zai sake fitar da waɗannan hannuwa ba.

Ana nan sai bankin da ke kwanar layi ya fara tangal-tangal. Allon bankin na farko ma Baba Fenti ne ya rubuta shi, da fenti ruwan zinare, kafin su cire su sa na roba mai wuta a ciki. Wata safiya aka wayi gari mutane sun yi layi har bakin shagon mai kifi, ƙofar banki a rufe, maigadi yana ta ba da haƙuri ta tsakanin ƙarafa. Aka kwana biyu a haka, sannan rediyon mai aski ya ce gwamnati ta shiga tsakani, ta zuba kuɗi, ta ceto bankin da wasu 'yan'uwansa don kada su durƙushe da ajiyar jama'a. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Shi Baba Fenti ba ya da ko sisi a can, amma ya taya maƙwabta murna.

Ba a jima ba rediyon ya canja baki. Yanzu maganar giɓin kasafin kuɗi ake yi safe da yamma. Baba Fenti ya tambayi mai aski mene ne kuma giɓi. Mai aski, yana wasa aska, ya ce masa aljihun gwamnati ne ya yage garin ciro banki daga rami, to yanzu zare ake nema na ɗinkewa, kuma daga rigar kowa za a zaro shi. Ya ce su shirya, don duk abin da ido ya gani sai an ɗora masa haraji, ƙila ma har sajen kabewar da ke bangonsa.

Wasa ya yi, amma bakinsa ya kama. Bayan ƙarin da aka yi wa mai da wutar lantarki, sai ga sabon haraji a kan allunan talla. Duk rubutu ko zane da ke bangon waje na wurin sana'a, za a auna tsawonsa da faɗinsa, a biya gwargwadon girmansa duk shekara. Wani ma'aikacin haraji, mutum siriri mai yawan tari, ya bi layin da tef ɗin awo yana gaya wa kowa ajin da allonsa ya faɗa. Wanda ba zai biya ba, ya shafe.

Tun da Baba Fenti yake bai taɓa samun aiki irin na wannan lokacin ba. Mai kifi ya zo, mai takalmi ya zo, mai sayar da katifa ya aiko. Kowa magana ɗaya: a zo a shafe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cika bangaye, ga shi ana rububinsa ya mayar da su farare. Ya karɓa, don gida na buƙata. Amma ya dawo ba ya iya cin abinci a zaune balle a natse. Ya shiga ɗaki ya fito, ya buɗe gwangwanin fenti ya rufe, ya wanke burushin da ya riga ya wanke. Matarsa ta ce in ramin da yake haƙawa da ƙafa a tsakar gida ya kai ruwa ya gaya mata, ta huta da sayen na 'yan garuwa.

A wannan kai-kawon ne dabara ta zo masa. Ya kamata a ce ya kankare tsohon fenti sannan ya bi da fentin mai, fari, shafi biyu. Shi kuwa sai ya sayo farar ƙasa, ya dama ta da ruwa, ya riƙa shafawa sama-sama. In ta bushe bango ya yi fari tas, ba ka ganin komai. Ya gaya wa matarsa, ita kaɗai, cewa haraji irin wannan ba ya daɗewa. Wata gwamnatin za ta zo ta cire, ran nan bokitin ruwa da tsumma kawai za a sa, kifi ya dawo, takalmi ya dawo. Ta dube shi ta ce to ya gaya wa masu shagunan mana. Ya ce ai ba sai sun sani ba, shi dai ajiya yake yi musu.

Bangon Auta shi ne mafi girma a layin, harajinsa kuwa ko ta kwana tana juya keke ba za ta iya ba. Shi ya bari na ƙarshe. Ya yi ta ce mata gobe, jibi, har ta aiko jikarta ta ce in ba zai zo ba za ta kira wani. Ya zo. Ya dama farar ƙasar nan ta fi ta kowa ruwa, kuma da ya zo kan hannuwan sai ya riƙa ɗora burushi kamar mai shafa wa jariri mai.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne damina. Ruwan farko da aka yi kamar da bakin ƙwarya, da gari ya waye mai kifi ya zo buɗe shago ya tarar da ido ɗaya yana kallonsa daga bango. Kafin azahar kifi ya fito har wutsiya. Takalmi ya fito. Kabewar mai aski ta fito da sajenta. Yara suna bin layi suna nunawa, masu shaguna suna tsaye cirko-cirko, kowa yana tambayar ina Baba Fenti. Shi kuwa yana can gaban shagon Auta, ruwa na ɗiga daga bakin kwano kan kafaɗarsa, yana kallon hannuwan Inna da suka fito fes kamar jiya ya zana su. Ya ji daɗi, kuma ya ji tsoro, bai san wanne ya fi ba.

Ma'aikacin haraji bai yi wata-wata ba. Ya zo ya ce a wurinsa allon da ido ke gani allo ne, ko an taɓa shafe shi ko ba a taɓa ba. Ya ɗiga jan fenti a ƙofar kowane shago, ya ce in ya sake zagayowa ranar kasuwa mai zuwa ya tarar da zane, ko a biya har da tara, ko ya sa wa shago kwaɗo. Mai aski ya tambaye shi shin banki ma yana biyan na allonsa mai wuta? Ya ce ƙwarai, yana biya a kan lokaci. Mai aski ya ce madalla, ai da ma kuɗinmu ne, gara su riƙa zuwa gida gaisuwa.

Layin ya taso wa Baba Fenti. Mai kifi ya ce ya ci amanarsa, mai katifa ya ce ya mayar masa da kuɗinsa. Bai yi musu da kowa ba. Ya sayo burushin ƙarfe, ya ɗauki tsani, ya bi su shago-shago yana kankarewa kyauta har siminti ya fito. Ƙurar fenti ta cika masa gemu da hanci. Ya gama na kowa, sai na Auta. Nan kuma ƙafarsa ta ƙi. Ya zo da tsani ya jingina, ya ce ya manta tsumma. Ya dawo da tsumma, ya ce rana ta take bangon, sai ta juya. Rana ta juya, ya ce haske ya yi kaɗan. Ya zagaya ta bayan layi, ya je har ofishin haraji, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa wa zai tambaya da me zai ce, ya dawo. Ya je wurin mai aski ya zauna a bakin benci ya miƙe, ya ce ko a rufe bangon da buhu? Mai aski ya ce buhu ma in ya yi kyau za su auna shi.

Ana gobe kasuwa Auta ta fito ta same shi yana tsaye a tsallaken titi. Ba mace ce mai ɗaga murya ba. Ta gaya masa ɗinkin mutane na ciki, jikoki biyu na gida suna jiran abin da keken nan zai kawo, kuma in aka sa kwaɗo ba ta san ranar buɗewa ba.

"Yaya," ta ce, "ni ma uwata ce."

"Na sani."

"To ita da ta bar min keke, ci ta bar min, ba kallo ba. In ba za ka iya ba ka ba ni burushin."

Bai ba ta ba. Washegari tun da sassafe ya hau tsani. Ya fara da rubutun sama, ya kankare. Ya bi rigar da ke rataye, ya bi almakashi. Ya zo kan keken, ya ci shi daga ƙasa zuwa sama, yana kewaye yatsu a hankali kamar mai cire ƙaya. Kafin hantsi ya ɗaga bango ya koma siminti tsirara, ba abin da ya rage sai hannuwa biyu, ɗaya can dama a sama yana riƙe da iska, ɗaya nan hagu a shimfiɗe, da fili tsakaninsu inda keken yake a da. Ya sauko ya tsaya yana jira, yana sauya ƙafa.

Ma'aikacin ya iso yana tari. Ya dubi bango, ya dubi tsoho.

"Baba, ba ka gama ba."

"Na gama, ɗana. Talla ta tafi. Wannan ba talla ba ce, hannun mahaifiyarmu ne. Ba ya sayar da komai."

 Mutumin ya ce shi bai ƙi ba, amma doka cewa ta yi rubutu ko zane, ba ta ce sai mai sayar da abu ba. Ya ce in ya kau da kai yau, akwai wanda ke biyo bayansa yana ɗaukar hoto da waya, kuma su ma a ofis ana ta rage mutane saboda giɓin nan, kowa yana kaffa-kaffa da kujerarsa. Ya ciro tef. Mutane suka fara taruwa. Ya ce bari dai ya auna, ƙila a sami mafita.

Ya ja tef daga ƙarshen hannun dama zuwa ƙarshen na hagu, ya girgiza kai. Ba a auna zane gunduwa-gunduwa, in ji shi. Daga gefe zuwa gefe ake ja, har da filin da ke tsakani, kuma hakan ya sake jefa su babban aji. Sai ya ɗora tef a kan hannu ɗaya kawai. Ya ce wannan shi kaɗai ya shiga aji na ƙarshe, mafi ƙanƙanta, irin na masu sayar da katin waya. Ya faɗi abin da ake biya. Baba Fenti ya juya abin a ransa. In ya matse, in ya rage shayi da wasu 'yan abubuwa, zai iya duk shekara. Ya ce shi zai biya, ba Auta ba.

Mai aski, da ya bar mutum da rabin kai a kan kujera ya fito kallo, ya ce Allah ya jiƙan Inna, tana raye ba ta taɓa taka ƙofar banki ba, ga shi ta mutu tana cikin masu ceto shi. Aka yi dariya, har ma'aikacin ya murmusa cikin tari. Baba Fenti bai yi ba. Shi ya riga ya gane abin da ya rage: hannu ɗaya aka ce.

Ya kalli na dama. A kansa ya fi daɗewa lokacin zanen. Karkataccen yatsan nan sau nawa ya goge ya sake kafin ya fito. Shi ne hannun da ya sani: shi ke murɗe masa kunne in ya zana gawayi a bangon ɗaki, shi ke miƙo masa kwano, shi ke nuna masa ƙofa in ya cika surutu. In aka ce Inna, wannan hannun yake gani. Ya ɗauki tsani zai matsar da shi wajen na hagu.

"Yaya, wanne za ka cire?"

"Na hagu mana. Na dama ai shi ne ita."

Auta ta matso. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda 'yan kallo ba za su ji ba. Ta ce lokacin da take ƙarama shi ya riga ya fara bin mai fenti, ba ya wuni a gida, bai sani ba. In Inna tana ɗinki, ita a gefen hagunta take kwanciya, kanta a kan cinya. Hannun dama ba ya barin keke, ba shi da lokacin kowa. Na hagun ne yake sakin yadi ya sauko ya dafa mata kai, ya koma, ya sake saukowa. Ta ce tabon nan na dutsen guga da shi take wasa har barci ya ɗauke ta.

Baba Fenti ya tsaya da tsani a kafaɗa. Bai taɓa jin wannan ba. Shi da ya zana tabon, ya ɗauka tabo ne kawai. Ya dubi ƙanwarsa, ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, ya tuna cewa ita ce za ta riƙa shiga ta ƙarƙashin bangon nan kullum safe, ba shi ba. Ya buɗe baki zai ce a bari ya yi tunani zuwa gobe. Ma'aikacin ya duba agogo, ya ce yana da sauran layuka.

Baba Fenti ya mayar da tsani wajen dama. Ya hau a hankali, tsanin na rawa. Mai aski ya zo ya riƙe masa ƙafar tsanin. Baba Fenti ya ɗora burushin ƙarfe a kan ƙaramin yatsan, don ya san in ya bar shi na ƙarshe ba zai iya ba. Ya danna ya ja. Garin fenti ya zubo masa a hannun riga. Ya bi sauran yatsun, ya bi tafin, ya bi wuyan hannu, bai tsaya ba, bai ja baya ya duba ba yadda ya saba in yana aiki. Mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Ma'aikacin ya goge jan fentin da ke ƙofar Auta, ya ce a zo ofis a biya cikin mako, ya wuce.

Da Baba Fenti ya sauko, ƙurar da ya kankaro ta sauka kan hannun hagu ta dusashe shi. Ya jiƙa tsumma a bokiti, ya sake hawa mataki biyu, ya shiga gogewa, yatsa bayan yatsa, har ya zo kan tabon ya tsaya a nan yana ta shafawa. Daga ciki ƙarar keke ta tashi, ta tsaya, ta sake tashi. Can Auta ta ɗaga murya ba tare da ta fito ba, ta ce Yaya ya isa haka, ruwa yana gangaro mata bakin ƙofa, ga mai karɓar ɗinki nan tafe.